Tsohuwar Mota Mai Kujera Biyu

Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa. Yaya ƙafar taku, yaya Inna? Ni lafiya lau, aikin asibiti ne dai ba ya ƙarewa.

Na sayi mota, irin tsofaffin motocin tseren nan masu kujera biyu, har ta girme ni. Saura kaɗan in ɗauki wata ja mai sheƙi, sai na tuna yadda kuke yi a gareji. Na shimfiɗa kwali na leƙa ƙarƙashinta, ashe tsatsa ta cinye ta. Dillalin ya ce, "Ke bakanikiya ce?" Na ce, "'Yar bakanike dai."

Wadda na zaɓa fentinta ya koɗe, amma injinta garau yake, kuma ba ta fi ƙarfin aljihuna ba.

Ban gaya muku ba, na daɗe ina yini a ɗaki ranar hutu, labule a sake. Jiya na yi awa biyu ina tuƙi, iska tana dukan fuskata. Da na dawo, har na ji yunwa na ɗora tukunya.

A sa mini albarka. Kada dai Inna ta ji irin gudun da motar take yi.

'Yarku