An saka awon jikina a shafin labarai, kuma daga gida ya fita

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan abinci ba ya wuce min.

Ni 'yar tsere ce, a unguwar Haj Yusuf muke. Baba malamin allo ne, da ƙyar ya bar ni nake gudu, da sharaɗin kada hotona ya fita ba mayafi. Shi ya sa 'yar kawuna Sa'adiyya, tela ce a unguwar Hillat Kuku, take ɗinka min dogon wando da riga har gwiwa. In ta gwada ni takan ɗauke ni hoto a ɗakinta, wai don ta ga inda za ta rage.

Ranar Lahadi wani shafin labaran wasanni ya saka wannan hoton, kaina a buɗe, har da awon kafaɗata da na ƙuguna, suka rubuta wai a bincika ko mace ce. Mutane suka yi ta dariya, wani ya ce katako, wani ya ce wa zai auri wannan. Wallahi a raksha, keken haya mai ƙafa uku, na karanta, na kasa sauka.

Na je wajen Sa'adiyya, don ita kaɗai ke da awon nan. Da farko ta rantse, da na matsa sai ta fashe da kuka, ta ce Umma ce ta sa ta tura, wai in na ji kunya zan bar gudu in yi ƙiba kamar sauran mata. Ummata fa, wadda take dafa min shayi kafin in fita atisaye. Na tambaye ta, ko musu ba ta yi ba, ta ce gata ta yi min, ba ta san za su rubuta haka ba.

Yanzu Baba ya ɗauka ni na ba su hoton, ya hana ni gasar birnin Omdurman ta ranar Asabar, wadda a nan ake zaɓen masu fita ƙasar waje. Kuma ya rantse in wani na gida ne ya yi, mutumin ba zai ƙara kwana a gidansa ba. Umma tana zaune ya faɗa, ba ta ɗago kai ba.

In na yi shiru guduna ya ƙare, kuma Baba zai ci gaba da kallona a mai cin amana. In na faɗa, uwata zan kora. Jama'a, in faɗa masa?