Allurar Mama

Mombasa, 3 ga Mayu

Ƙanena Mwinyi,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Na saka takardar nan cikin kwalin halawa da dabino ne don a waya Mama tana jin komai, ka san ɗakinmu. Wai yaushe ka koma kwaɗayin zaƙi haka?

Mun ga hotonka a allon talla wajen jirgin fito na Likoni, kai da wandon ninƙaya da kwalbar madara. Mama ta sa mai keke ya tsaya sau biyu.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Bayan tafiyarka na duba firji, allurar insulin ɗin Mama ta ciwon sukari, biyu babu. Asibiti sun ce ba ƙari sai ƙarshen wata, nas ɗin har tana min kallon mai sayarwa. Gyambon ƙafar Mama kuma ya ƙi warkewa. Ka ga inda suka shiga?

Yayarka, Mwanaisha

Nairobi, 7 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ki da Mama. Halawa ta iso, na gode.

Ni na ɗauka, kada ki tayar da hankalin gida. Kamfanin madara sun ce in ban samu gurbin gasar ninƙaya ta Afirka ranar 24 ba, za su sauke hotona su ɗora na wani. Daƙiƙa ɗaya kacal ta rage min in kai lokacin da ake nema, Yaya, shekara biyu ina binta. Wani abokin horo ya nuna min yadda allurar take gina jiki in an bi ta da zaƙi. An haramta, na sani, in aka kama ni na gama. Wani lokaci hannuna yakan yi rawa a cikin ruwa, amma yana wucewa. Bayan gasar zan daina.

Ki yaga takardar nan. Ki huta lafiya.

Mwinyi

Mombasa, 12 ga Mayu

Mwinyi,

Gaisuwa, don dole.

Ƙarya ka yi min, ba ɗauka ka yi ba, ba ka aka yi. Yau da safe na tsaya a kan Mama tana allura, na ga rabi take yi. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka, ta ce kai ka gaya mata ka gaji ciwon sukari, wai in ka je asibiti kamfani zai ji. Wata uku tana raba allurarta da kai. Kullum tana roƙon Allah ya yafe mata, wai ita ta sa maka ciwo.

Ka san me na gani da na kwance ƙyallen ƙafarta? Yatsu sun fara baƙi. Likita ya ce sai sukarin ya sauka kafin su san abin yi. Duk da haka ta ƙi yin cikakkiya, na rantse mata, na roƙe ta, ta ce ɗanta ba zai faɗi a ruwa ita tana da magani a firji ba.

Ina jin tsoro ƙwarai, kuma ina jin haushinka. Daga bakinka kawai za ta yarda. Ka kira ta ka ce lafiyarka ƙalau.

Allah ya shirye ka.

Mwanaisha

Nairobi, 16 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ɗauki waya ya fi sau goma, na kasa. Ki ba ni kwana takwas, in na wuce gasar zan zo da kaina in durƙusa. Don Allah ki lallaɓa ta.

Ƙaninki, Mwinyi

Mombasa, 22 ga Mayu

Mwinyi,

Bayan gaisuwa. Ban yaga takardarka ta farko ba, na karanta wa Mama ita daga sama har ƙasa. Da na gama sai ta ɗaga hannu ta gode wa Allah da ba ka da ciwon.

Jiya aka yanke mata yatsu uku. Ta farfaɗo, tana yin allurarta cikakkiya.

Na tambaye ta ko tana da saƙo gare ka. Ta ce babu.

Mwanaisha