Buhun da Aka Rufe Kyamarar Kwarin Ari da Shi

Haɗeja,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana, Malam Inuwa, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta cancanta daga ƙane zuwa ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan, Ya buɗa kasuwa, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan gida lafiya muke gwargwado. Matata Ramatu ta warware daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, 'yata Adila tana ci gaba da karatunta, shinkafar fadama kuma ta fara fid da kai. Kada ka zaci wani na sa ya rubuta mini wannan. Hannuna ne, ni Badaru. Na kammala ajin yaƙi da jahilci a bara, malaminmu kuma ya faɗa a gaban jama'a cewa babu wanda ya kai ni tsabtar rubutu. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ka, domin a waya kakan katse ni kafin in kai ƙarshen zance, maganar nan kuwa tana bukatar a ji ta tun daga farkonta. Adila ce za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka.

Wataƙila labari ya iso maka cewa ƙungiyarmu ta manoman shinkafa ta samu tallafin na'urorin lura da kogi. An kafa dogayen turakun ƙarfe a ƙauyuka tara da ke bakin ruwa, kowane da kyamara a kansa, da farantin sola, da eriya. A zauren ƙungiya nan cikin gari kuma aka jera allunan talabijin tara a jikin bango, uku sama, uku tsakiya, uku ƙasa, an haɗa su gefe da gefe har sai ka matso kusa za ka ga tsaga. Wata injiniya ce ta zo daga Kano ta yi aikin, sunanta Zulaihat, mace mai natsuwa wadda ba ta raina tambaya. A bayan kowane allo ta ɗaura ƙaramin akwati, ta jawo waya daga kowane akwati zuwa wani babba mai ramuka a jere, shi kuma ta haɗa shi da kwamfuta. Ta bayyana mini cewa hoto yana tasowa daga kyamara, ya bi sabis ta iska ya sauka a eriyar da ke kan rufinmu, kwamfuta ta rarraba shi, kowane allo ya karɓi na ƙauyensa. Ni na riƙe mata tsani, ni na rubuta sunan kowane ƙauye na manna a ƙarƙashin allonsa. Da aka zo naɗa wanda zai zauna gaban bangon yana lura da ruwa, ba a yi doguwar shawara ba aka damƙa mini makulli.

Allon tsakiya na garinmu ne, Kwarin Ari. Ka san jingar da ke tsare gari daga kogi, ka kuma san lanƙwasarta ta bayan gidan mahaifiyarmu Iya, inda ruwa yake dukanta da ƙarfi duk damina. Da injiniya ta tambayi inda ya fi dacewa a kafa turke, ni na nuna mata tudun nan na kusa da katangar gidan, domin daga nan ake hango lanƙwasar gaba ɗaya tare da sandar awon ruwa da aka shafa wa jan fenti a sama. Har yanzu ina kan bakana cewa ta fuskar aiki babu wurin da ya fi shi. Bayan an gama, ƙungiya ta sanar da matasan da suka saba gadin jinga da damina cewa su huta, na'ura ta karɓe su. Sabon tsari shi ne, idan na ga ruwa ya doshi jan fenti, sai in kira motar buhunan yashi da ke jira a Haɗeja ta tafi.

Ranar da aka buɗe zauren ne abin ya faru. Shugabannin ƙungiya sun hallara, da masu unguwanni, da 'yan kasuwa, har masu keke napep sun yi cincirindo a tagogi. Injiniya ta so ta nuna wa jama'a cewa allunan tara suna iya haɗuwa su zama hoto guda, sai ta tambaye ni wane ƙauye za ta nuna. Na ce namu. Tana dannawa, Kwarin Ari ya cika bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan. Jinga ta fito sarai. Amma a gefen dama, wurin da a ƙaramin allo bai fi tafin hannu ba kuma babu wanda ya taɓa kula da shi, sai ga tsakar gidanmu. Iya tana zaune a kan tabarma da ɗaurin ƙirji, kanta babu ɗankwali, ƙanwarmu Zainaba tana yi mata tsifa. Yaya, tsayin Iya a bangon ya fi na ƙofa. Dattawa suka sunkuyar da kai, wani daga taga ya yi dariya. Injiniya ta yi maza ta kawar da hoton, amma duk wanda zai gani ya riga ya gani. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Labari ya riga ni isa gida, kuma ya ƙara girma a hanya. An ce wai mazan Haɗeja suna zama da kofin shayi suna kallon matan Kwarin Ari har a makewayi. Wallahi ƙarya ce, katangar makewayi ta tare wajen. Bulama Kolo, mai garinmu, bai jira bayani ba. Ya sa aka hau turken aka kifa wa kyamarar buhun shinkafa, aka ɗaure bakinsa tam da igiya. Tun daga ranar allon tsakiya ba ya nuna komai sai saƙar buhu.

Na je da kaina, na sa manyan kaya kamar yadda ya kamaci mai riƙe da muƙami. Bulama ya saurare ni, sannan ya ce ba shi aka tozarta ba, saboda haka ba shi zai yafe ba. Ya ce ranar da Iya ta buɗe baki ta ce a kwance buhu, ranar za a kwance. Na shiga gida na durƙusa a bakin ɗakinta. Ba ta ɗaga labule ba. Daga ciki ta ce tun da aka kawo ta gidan nan tana amarya babu namijin waje da ya taɓa ganin gashin kanta, sai da ta yi furfura ɗan da ta haifa ya kai ta kasuwa. Na yi mata bayanin cewa injiniya ta riga ta sa baƙin tabo a kwamfuta wanda zai rufe wajen gidan, babu abin da zai fito sai jinga da ruwa. Ta ce tabon da mutum ya sa da yatsa, da yatsa wani zai cire shi, kuma ita daga nan ba ta da hanyar sanin an cire ko ba a cire ba. Na ce to a juya kyamarar ta ba gidan baya. Ta ce abin da aka juya yau ana iya juyo shi gobe. Na roƙe ta ta zo gidana a Haɗeja har ruwa ya janye. Ta ce garin da aka kalle ta haka ba za ta taka shi ba, gara kogi ya same ta a ɗakinta da suturarta. Zainaba ta rako ni zaure tana kuka, ta ce in bar maganar tukuna, zuciyar Iya ba ta huce ba.

Da lokacin rani ne, da na bari ta huce. Amma Yaya, ina ganin abin da ke tafe, kuma wannan shi ne ya hana ni cin abinci. Allunan sama na ƙauyukan yamma ne, inda ruwa yake fara isa kafin ya gangaro mana. Tun makon jiya nake kallon sandunan awonsu suna nutsewa. A ɗaya daga cikinsu jan fentin ya ɓace gaba ɗaya, jiya kuma ina zaune na ga ruwa ya shanye wata gonar masara, mai ita yana tsaye a kan tudu hannuwansa a ka. Ciyawar kacala ta toshe magudanan da ke rage wa kogi nauyi, saboda haka duk ruwan nan lanƙwasarmu zai zo ya daka. Ina duban dama in ga ruwa, in dubi hagu in ga ruwa, in dawo tsakiya inda mahaifiyata take in ga buhu. Matasan gadi kuwa sun ce tunda an ce musu na'ura ta fi su, Badaru da talabijin ɗinsa su yi gadin. Shugaban ƙungiya ya ce ba zai tura mota wuri guda a kan zato ba alhali ƙauyuka tara ke jiranta, sai an ga da ido cewa ruwa ya doshi jan fenti. Hanyar Kwarin Ari ma ta fara yankewa a wajen kwalbati, nan gaba kaɗan ko an tura motar ba za ta ƙetare ba. Ka san jingar ƙasa ba ta yin sallama idan za ta ɓalle. Tsattsafo take farawa ta ƙasa, wanda idan akwai mai gani buhu kaɗan ya isa ya toshe shi. Yanzu babu mai gani.

Saboda haka nake roƙonka, don Allah da darajar mahaifinmu da ke kabari, ka kira Iya a wayar Zainaba da zarar ka karanta wannan. Kai ne babba, maganarka take ji. Kada ka kare ni a wurinta, ka bar ta ta zage ni iya son ranta. Abu ɗaya daga cikin biyu nake nema: ko ta yarda a kwance buhun har ruwa ya wuce, sannan a tumɓuke turken baki ɗaya idan ta so, ko ta yarda a ɗauke ta zuwa gidan Kawu Mukhtar a Malam Madori, inda babu wanda ya ga komai. Ka kuma yi wa Bulama magana a kan matasan, domin ba gidanmu kaɗai ke bayan jingar nan ba.

Ni dai na yanke shawarata. Gobe da safe, in Allah Ya kai mu, zan miƙa wa mataimakina makullin zauren, in shiga kwalekwale in tafi. Zan zauna a kan lanƙwasar da wayata, in riƙa ɗaukar hoton sandar ina tura wa shugaba, har ya gamsu ya saki motar. An gaya mini barin kujerar a irin wannan lokaci yana iya raba ni da ita, na ce na ji. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji ƙwarai. A cikin 'ya'yan Iya ni kaɗai ne ban iya iyo ba, Ramatu kuma tun da na faɗa mata ba ta daina yi mini magiya ba. Idan Allah Ya ƙaddara wani abu, amanar Adila tana wuyanka, kada a cire ta daga makaranta.

Ka gaishe mini da Yaya Halimatus Sa'adiya, da Zaharaddeen, da Kamila, da duk mutanen gida da ke zaune tare da ku a can. Ramatu da Adila suna gaishe ka. Ku sa mu a addu'a bayan kowace salla. Idan ka kira Iya ta ƙi, kada ka yi fushi ka ajiye waya. Ka gaya mata kawai cewa ina bayan katangarta a kan jinga, na ba gidan baya, kuma ba zan tashi ba sai ta tashi.

Wassalam.

Ƙanenka mai biyayya,
Badaru Buba,
Mai Kula da Allunan Lura da Kogi.