Canjin Hannu Ya Shiga Sitiyarin Baba Maigandi

Gawon Nama, Sakkwato
Mayu, 1972

Zuwa ga Yayana, Alhaji Ashafa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga yayansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk mutanenmu na kasuwar shanu a Agege. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku daga hayaniyar Ikko da ruwanta mai sa mura. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa kowa kwana a tsakar gida. Inna ta samu sauƙin ƙafa, har ta koma faɗa da masu tallar nono, ka san kuwa alamar lafiyarta ke nan. Matata Mariyatu ta sauka, an samu mace, uwa da jinjira duk kalau.

Yaya, maganar babbar motarka ce ta sa na zauna rubutu, kuma ina roƙo ka karanta har ƙarshe kafin ka fara kiran sunana da ƙarfi. Ka aiko cewa tunda gwamnatin soja ta sa a koma tuƙi ta hannun dama, a mayar da sitiyarin motar gefen hagu kamar yadda kake gani a Ikko. Ka kuma ce Baba Maigandi ya tsufa da koyon sabon abu, in ya yi kuskure ko sau ɗaya in karɓe makulli in ba Siddiƙu, ƙanen matarka. Na faɗa wa Baba saƙon yadda yake, ban rage ba. Mutumin da ya tuƙa mahaifinmu tun muna yawo ba wando, bai ce mini komai ba sai to.

Na kai motar garejin Bitrus, bakaniken nan ɗan Zonkwa da ke Gidan Dare. Ya zagaya gari kaf bai samu akwatin sitiyari na gefen hagu ba, wato ƙarfen nan da ke karɓar juyin hannu ya miƙa wa tayoyi. Sai ya ce ai ba komai, tsohon akwatin ma zai yi. Ya kwance shi, ya kifa shi a ɗaya gefen, ya yi masa walda, ya ɗaure notuna har yana nishi. Aikin ya yi kyau a ido, wallahi har fenti ya shafa. Abin da bai yi ba shi ne gwadawa, domin motar garinsu ta cika tana jiransa zai tafi bikin Ista. Ya wanke hannu da kananzir, ya miƙa wa Baba makulli, ya haye mota ya bar mu.

Baba ya hau, ya gyara hula, ya yi bisimilla. Ƙofar gareji tana dama, sai muka ga mota ta nufi hagu a natse, kamar an aike ta, ta kwashe rumfar da Tabita matar Bitrus ke suyar ƙosai. Allah ya kiyaye Tabita ta shiga gida ɗebo ruwa. Kasko ya yi sama, karnukan unguwa suka yi walima. Mutane suka taru ana ta cewa tsufa ne, canjin hannu ya rikita dattijo, ni ma haka na ɗauka. Na dubi Baba zan yi maganar makulli, sai na fasa. Na ba Tabita haƙuri, na ce a raina bari in ƙara masa kwana biyu.

To daga ranar, ko kaza Baba bai sake takawa ba. Kullum yana zuwa Kalambaina ya ɗauko siminti ya kai wuraren gine-ginen nan da suka cika gari, ya dawo lafiya. Sai dai tafiyar da yake yi kafin hantsi ta koma sai azahar, kuma in ya sauko rigarsa sharkaf kamar wanda aka tsamo daga gulbi. Ya rame, ya daina wasa da yara. Har wajen cin tuwo na ga ya miƙa hannu zai ɗiba a kwanon da ke damansa, hannun ya tafi hagu ya faɗa cikin miyar maƙwabci.

Ranar da asiri ya tonu, na bi shi ne don in ɗauko simintin gyaran ɗakin Inna. Muna isowa shataletale na ga ya kama sitiyari ya murɗa hagu iya ƙarfinsa, alhali hanyarmu dama take. Na yi salati na riƙe ƙofa, na ce yau mahauci zai zama nama. Sai mota ta bi dama sumul! Muka zo wata kwana, ya murɗa dama, mota ta yi hagu, shi kuwa leɓensa na motsi yana ta jan Ya Latifu. Na ce ya tsaya don girman Allah. Da na tambaye shi wannan wane irin tuƙi ne, sai ya dube ni kamar ni ne baƙauye, ya ce ashe ba na sauraron rediyo, ai soja sun ce komai ya juya, kuma wagga mota ta bi doka ne. Ya ce har ya yi wa direbobin tasha faɗa, ya gaya musu motocinsu ba su cika umarni ba, ranar da aka fara kame kada wanda ya zo masa kuka.

Na dawo gida a ƙafa, don ban ga abin da zai sake hawar da ni motar nan ba. Da Bitrus ya dawo na je na same shi, ya rantse da kabarin kakansa cewa aikinsa ba ya haka. Muka sa jak muka ɗaga gaban motar, ya ce in hau in juya sitiyari shi yana kallon tayoyi. Na juya dama, tayoyi suka kalli hagu. Ya ce in sake. Na sake. Ya shiga ƙarƙashi ya bi rodin da ya haɗa akwati da taya yana taɓawa ɗaya bayan ɗaya, ko wani ya kwance, duk lafiyarsu lau. Can sai na ji ya ce Yesu Almasihu da ƙaramar murya. Ashe da ya kifa akwatin, hannun ƙarfen da ya kamata ya tura sai ya koma ja. Ya fito ya zauna a ƙasa ya dafe kai, yana tambaya wai da wannan aka yi ta ɗauko siminti cikin kasuwa da 'yan makaranta. Tabita kuwa da ta ji, ta ce to ashe mai gidanta ne ya ci mata rumfa, ranar ko ruwan wanka ba ta kai masa ba.

Bitrus ya tafi Kano da kansa ya samo akwatin hagu na gaskiya, ya ɗaura, ya gwada a gabana har na gaji na ce ya isa. Dama ta koma dama, hagu ta koma hagu. Muka kira Baba muka yi masa albishir, ya hau ya tuƙo ta zuwa gida muna biye a kan babur. Yana zuwa kwanar gidanmu, hannun nan da ya sha wuya ya koyi tuƙin baibai ya tuna karatunsa. Yaya, kada ka damu, ba wanda ya ji ciwo, amma zauren gidanmu yanzu ƙofa biyu gare shi. Inna ta ce iska ta fi shigowa.

Mun yi dariya har da hawaye, amma da na ga Baba ya sauko, sai dariyar ta ɗauke. Ya zo ya durƙusa a gabana, ni da ya goya, ya ajiye makulli a ƙasa. Na ce don Allah ya gaya mini gaskiya, da gaske ya yarda soja ne suka juya sitiyari? Ya ce tun ranar rumfar Tabita ya san motar ce ba daidai ba, shekarunsa a kan hanya sun wuce a yi masa wannan wasa. Amma ya san in ya buɗe baki ya ce mota ta rikice, za mu ce tsoho ne ya rikice. Shi ya sa ya ƙirƙiro maganar doka, ya koya wa hannunsa ƙarya don ya riƙe abincin iyalinsa. Wallahi Yaya kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Ban ɗauki makullin ba, kuma ban ba Siddiƙu ba. Na san na saɓa maganarka, mota taka ce, hukunci naka ne. Amma mutumin da ya yi makonni yana tuƙa babbar mota cike da siminti a juye bai taɓa kowa ba, ban san wane yaro ne zai fi shi hannu ba. Yanzu da yamma Bitrus na raka shi filin bayan gari suna zagaye, hannun yana dawowa a hankali, jiya ma jaki ɗaya kawai suka tsorata. In har ka ce dole a sallame shi, to sai dai ka hau jirgin ƙasa ka zo ka faɗa masa da bakinka, ni nawa ba zai iya ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka aiko mata da goro mai kyau ba irin na bara ba. Mariyatu da Rabi suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Hajiya Sadiyatu da su Ɗanladi, Allah ya yi musu albarka. Bitrus ya ce a ba ka haƙuri, shi zai gyara zaure. Baba Maigandi ma yana gaishe ka. Kullum da sassafe yana zuwa ya wanke motar ya zauna a gindinta, in na fito ya tambaye ni ko amsarka ta iso.

Ni ne ƙanenka mai jiran jin ta bakinka,
Mati