Tafasar Buta Ɗaya

Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da babansu. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina ɓoye sandarta a bayan ƙofa idan baƙi sun zo, kowa ya san da ita.

Ki yi haƙuri da rubutun, a kan cinyata nake yi, a ƙarƙashin tebur. Yanzu haka wani farfesa mai gemu har ƙirji ni ya tsare da ido yana magana, saboda na yi kuskuren gyaɗa masa kai sau ɗaya. Minti arba'in ke nan yana bayyana mana cewa bai kamata mutum ɗaya ya danne bakin jama'a ba.

Na iso, Yaya. Taron bitar da na cika miki kunne da shi wata shida, ga ni a ciki da katin suna a wuya. Mu ashirin da biyu ne, kwana uku, a ɗaki mai taga uku da fanka ɗaya mai rai. Duk a kan anakizim. Na san za ki ce wace cuta ce kuma wannan. Ra'ayin masu cewa ne mutane za su iya tafiyar da zamansu ba gwamnati, ba shugaba, sai yarjejeniya da taimakon juna. Mutanen da na yi shekaru ina karanta littattafansu, ga su a gabana suna neman cokalin sukari. Da safe kasa karyawa na yi don murna, ni da kika sani da ci.

Maƙalata kin san ta, ba ki dai san an rubuta ba. A kan sati biyar ɗin nan ce da muka yi jinyar Inna a asibiti. Gado goma sha biyu, soket ɗaya, butar lantarki ɗaya, kuma ba wanda ya naɗa kowa. Kowace mai jinya tafasa ɗaya gare ta. Buta ta tafasa ta ce ƙas ta kashe kanta, ki juye, ki cika wa ta bayanki. Shafi ashirin na fitar daga butar nan.

Ga abin da ban faɗa wa Inna ba. Shugaban sashenmu ya ce in ban kawo shaidar cewa za a buga mini maƙala kafin ƙarshen zango ba, ba zai sabunta kwantiragina ba. To akwai wata tsohuwa a nan, editar babbar mujallar fagenmu, Mai Jan Biro ake ce mata. Ba ta karanta abin da sababbi suka aiko. Zama take yi ta saurara, abin da ya shiga kunnenta shi take bugawa. An ba ni minti ashirin ranar Alhamis, ni ce ta ƙarshe.

Da safen nan Farfesa Gemu ya miƙe ya ce abin kunya ne a yi taron anakizim da shugaban taro. Aka fitar da babbar kujera baranda, aka jefa ƙararrawa a durowa, muka yi da'ira. Na fi kowa tafi.

Ki gaida kowa.

Autarku

Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan zazzaɓin ƙaramarki ya sauka. Ni lafiya lau, tafin jiya ne dai nake so a dawo mini da shi.

Maƙala bakwai ya kamata a karanta jiya, uku aka karanta. Yau huɗu. Ba mai iya ce wa mai magana ya isa, domin wannan umarni ne, mu kuwa mun soke umarni. Sai dai abin mamaki, tun da aka fitar da kujerar, farfesoshi ne ke fara magana, daktoci su biyo, mu 'yan kwantiragi mu haɗa shayi. Ba wanda ya tsara haka. Da kanta ta tsaru, kamar yadda littattafan suka yi alkawari.

Da yamma aka ce a nemi ƙarin awa biyu. Dattijon da ke riƙe da makullan ginin, Baba muke ce masa, ya kawo fom ya ce shugaban taro ya sa hannu. Yaya, awa ɗaya da kwata aka yi ana muhawara ko sa hannun nan cin amanar aƙida ne. Wani dakta ya ce mu sa hannu dukkanmu, wata ta ce layin ba zai ɗauka ba. Baba yana tsaye yana kaɗa makullai, can ya ce, "Ni fa ko wane ne cikinku ya sa, ba zan faɗa wa kowa ba." Ba a sa ba. Biyar na bugawa ya rufe ɗakin taron.

Na yi lissafi a bayan katina. A wannan tafiyar, ranar Asabar layi zai zo kaina, taro kuwa gobe zai tashi. Na tare Mai Jan Biro a matattakala da takarduna a hannu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "'Yata, ba na karɓar takarda a hanya. A ɗaki nake ji."

Ba zan ɓoye miki ba, na shiga banɗaki na ɗan yi abin da ba na yi a gaban mutane. Da na fito na koma kusurwar shayi in wanke kofuna kafin Baba ya kore ni. Wani ya bar buta a kunne. Ina tsaye a kanta ta ce ƙas.

Na cika ta na duba agogo. Minti tara ta yi kafin ta sake cewa ƙas. Na roƙi Baba aron doguwar waya, ya ce ta me, na ce ta bincike ce. Rabon da in ji daɗi irin na yanzu tun ranar da aka sallami Inna. Ki yi mini addu'a, kada ki tambayi ta mece ce.

Autarku

Alhamis

Yaya ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk gidan. A zaune nake a tasha, mota ba ta cika ba.

Da safe na riga kowa shiga. Na ja waya, na ajiye buta a tsakiyar da'ira a kan kujerar roba, filas huɗu a gefe. Ban nemi izini ba, tunda babu wanda za a nema a wurinsa. Na ce kowa tafasa ɗaya, in ta ce ƙas ya yi shiru, ya juye, ya cika wa na bayansa. Farfesa Gemu ya tambayi wa ya ba ni wannan iko. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da iko, ita ma ba ta da muƙami." Daktan jiya ya miƙe ya fara kawo hujja cewa buta ma wata irin gwamnati ce. Na danna. Yana kan hujja ta huɗu ta ce ƙas. Ɗakin ya kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya zauna.

Yaya, ta yi aiki. Manyan da ba su taɓa gama jimla cikin minti tara ba, sai ga su suna satar kallon tururi suna tsallake gabatarwa. An kama Farfesa Gemu yana raɗa wa na gabansa ya ɗebo masa ruwan firji. Baba ya kwashi ruwan zafi ya raba wa duk ofisoshin hawan, ya ce bai taɓa ganin taron da ya amfani jama'a irin wannan ba.

Biyar saura ashirin da biyar layi ya zo kaina. Na karanta da sauri kamar ana kora ta. Ina ƙarshen shafi na bakwai, daidai bakin inda zuciyar maƙalar take, ta ce ƙas.

Mutum uku suka ce in ci gaba, ai ni na kawo tsarin. Na so, Allah Ya sani na so. Aikina ne a shafukan nan. Amma na tuna matar nan mai jan mayafi da ta taɓa ƙara tafasa ta biyu a asibiti, da irin kallon da kika yi mata. Na juye ruwan, na zauna.

Saura jawabin rufewa, na Mai Jan Biro ne. Ta hana ni cika mata. Da kanta ta dogara har famfo ta dawo, ta ajiye butar, ta ce, "A ɗakin nan naku na asibiti, mutum yana iya ba wani tafasarsa?" Na ce yana iya, shi ne a shafi na takwas. Ta danna ta ce, "To ga tawa."

Ke ce shafi na takwas, Yaya. Safiyar nan da layi ya zo kanki, Inna tana jiran shayinta, kika miƙa butar ga matar gado na tara saboda ɗanta ya kasa haɗiyar komai sai ruwan ɗumi. Daga ranar kowa ya fara yi. Na karanta shi a hankali, ban tsallake ko kalma ba. Ban kai ƙarshen maƙalar ba wannan karon ma, amma tana cewa ƙas tsohuwar ta miƙo hannu. Ta karɓi takardun, ta rubuta da jan bironta a saman shafin farko cewa in gyara shafi na uku, sauran ta ɗauka. Ta yi mini gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban sashenmu. Tana cikin jakata, na duba ta sau shida.

Ban gama ninke ta ba Farfesa Gemu ya miƙe ya ba da shawarar a kafa kwamitin dindindin na harkar buta, ni ce shugaba. Aka yi tafi. Wani ya tafi baranda ɗauko babbar kujera, wata tana laluben ƙararrawa a durowa. Na naɗe wayar Baba na miƙa masa. Ya dubi agogo, ya dube su, ya ce, "Ke wuce, 'yata, su sai na kashe fanka." Na rataya jaka na fita, ya ja ƙofar a bayana.

Ki ce wa Inna gobe da hantsi ina gida. Ki ɗora ruwa, tafasar farko taki ce.

Ƙanwarki,
Auta