Babanki da Neman Azurfa

Gaya, ƙarshen watan Sha'aban

Zuwa ga autata Rashida,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abdoulaye da jikata, kishiyata ƙarama Maryam. Yaya zafin Tawa, yaya fama da 'yan lakkol a makaranta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna alhali ga tarho a hannunmu. Maganar babanki ce, kin kuwa san kunnensa. Ko bayan rumbu na laɓe ina raɗa, ina dawowa zai ce me Rashida ta ce. Idon ne ya gaza, kunnen yana nan daram.

Sana'ar nan da ya ƙirƙiro wa kansa tun da ya aje tuƙin kamyo, babbar motar kaya, tana nan, har ta yi gaba. Duk Litinin sai ya zura babbar riga, ya ɗauki sanda ya nufi banki, ya canzo ƙunshin dala ashirin-ashirin, irin waɗanda suke naɗewa a takarda. Ya dawo ya baje gindin mangwaro, ya jawo tsohon dutsen niƙana, ya dinga sakin su ɗaya-ɗaya yana kasa kunne. Wani abokinsa na Malanbil ne ya zuga shi, wai kuɗin azurfa na zamanin Nasara suna ɓuya cikin na yanzu don girmansu ya yi kusa. Wai na yanzu kukansu gajere ne, azurfa kuwa tana jan murya kamar zabiya. Damina biyu ke nan yana sauraro. Abin da ya samu: kuɗin Gana guda, wani ƙarfen keke, da maɓallin wando. In na yi dariya ya ce mai nema yana tare da samu.

Masu cin ribar abin su ne matan kasuwa. Kin san wahalar canji a garin nan. Da ya gama sauraro za ki ga Balki mai ƙosai da ƙawayenta sun yi layi a zaure suna karɓar tsaba, sun mai da mini gida banki, har suna kiransa Baba Mai Azurfa. Shi kuwa daɗi yake ji.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Yanar ido ta rufe masa duka biyu, yanzu da murya yake gane mutane. Lokotoro ya duba ya ce ta nuna har ta fara yi wa idon lahani, in ba a cire ta kafin damina ba, ko an cire daga baya aikin banza ne. Likitocin ido za su sauka Dosso bayan ƙaramar Sallah. Na faɗa masa, ya rantse da girman Allah ba mai taɓa masa ido sai ya samu azurfa cikin ƙunshin banki. A gaban Balki ya rantse, don kada in samu bakin magana.

Na san ba azurfar ba ce. Tsoro ne. Yayansa Sumana, kina ƙarama lokacin, wani mai cire yana na ƙauye ya soke masa ido da tsinke a Yelu, har ya koma ga Allah bai sake ganin rana ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Amma ni ma tsoro nake ji, Rashida. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kai kaya Kwatano yana dawowa, yau ni ke nuna masa inda buta take.

Ki kira shi ki lallashe shi, ke yake jin maganarki. Kada ki ce na rubuto.

Mahaifiyarki,
Ikilima

Gaya, tsakiyar azumi

Rashida 'yata,

Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Ina gaida Abdoulaye, ina yi masa godiyar sukari da dabino. Ki ce wa Maryam in ba ta zo Sallah ba na ƙwace mijin.

Na ji duk yadda kuka yi da babanki, ina tsaye a kansa ina fifita. Kin yi ƙoƙari. Yana aje tarhon ya ce an haɗa baki da ke, ya ci gaba da sakin kuɗinsa a kan dutse. Na je wurin liman, ya ce rantsuwa irin wannan ana kaffararta. Babanki ya ce shi bai taɓa cin rantsuwa ba, ba zai fara da furfura ba. Kin san taurin kan gidansu, ke ma kin ɗebo.

Saboda haka na yi wani abu, kuma haƙƙinki ne ki sani, don kayanki na taɓa. Kin tuna kuɗin azurfar nan na kitso, waɗanda innata ta jera mini a goshi ranar da aka kawo ni daga Bana? Waɗanda na ce naki ne in na mutu, daga ke sai Maryam. Na kwance zaren na zare guda, mai hoton mace tana watsa iri. Na kai wa Yacuba maƙeri ya cire ɗan kunnen da ake zura zare, ya goge wurin. Ya tambaye ni ko sayarwa zan yi, na ce ya yi aikinsa ya bar tambaya. Na turmuza ta cikin ƙasa don ta yi kama da kuɗin da ya sha hannu. Ran Litinin, babanki na masallaci, na warware ƙunshi guda a hankali, na zare ɗaya na sa tawa, na mayar na liƙe da ƙaro.

Shekara arba'in da wani abu ban taɓa yi masa ƙarya ba, in ban da ta kuɗin cefane, wadda kowace mace ke yi. Ga shi cikin azumi. Na roƙi Allah gafara, na ce Ya dubi niyyata. Ke ma ki yafe mini, jerin ya yi giɓi, kuma ba a samun irinsa a kasuwa yanzu.

Bai kai kan ƙunshin ba tukuna. A hankali yake bin su, don azumi yana sa shi gyangyaɗi. Ni kuma na kasa zama na kasa tsaye, jiya har gishiri na zuba a kunu.

Ki taya ni addu'a.

Innarki,
Ikilima

Gaya, goman ƙarshe na azumi

Rashida,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Wannan gajeruwa ce, direban kar, motar fasinja ta Tawa, yana jira a zaure.

Ya samu. Da la'asar ne, ina tsince shinkafa kusa da shi. Na ji ta faɗi kan dutsen, ni da ban san kan abin ba sai da na ji bambancin, ashe gaskiyarsa ce, kukanta dabam ne. Ya tsaya cik. Ya sake sakinta. Ya shafa gefenta da babban yatsa, ya kai ta hanci, ya daɗe a haka. Na zaci zai yi kabbara ya tara unguwa. Sai kawai ya jefa ta aljihu, ya jawo wani ƙunshin ya ci gaba.

Har yau bai ce uffan ba. Ko Balki bai gaya wa ba. Yana cin abincinsa, yana yi mini sannu, har sannun ta yi yawa. Ban sani ba ko ya gane ne yana fushi, ko kuwa ya ɓoye ne don kada a kai shi Dosso. In na tambaya na tona kaina, in na yi shiru lokaci yana wucewa. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen kogi, duk wanda na gani sai in tuna maganar lokotoro.

Taki,
Ikilima

Gaya, bayan Sallah

Zuwa ga autata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina gaida Abdoulaye da iyayensa, da Maryam da ta yi mini rowar zuwa. Kin ji labari a tarho a gurguje, amma yana zaune kusa da ni, ban iya ba ki shi yadda ya faru ba. Zauna ki sha.

Ranar Sallah da aka sauko idi, baƙi sun watse, ya kira ni gindin mangwaro. Ya fito da ita ya aje a tafin hannuna, ya ce, "Ikilima, ashe bankin yanzu har man shanu da kanumfari suke shafa wa kuɗi?" Na rasa inda zan sa kaina. Ni da na yi ta fama da ƙasa da toka, ban ji ƙamshin ba sam, don hancina ya saba da shi. Ya ce tun kafin ya sunsuna yatsansa ya gaya masa, ya ji inda Yacuba ya goge. Ya ce goshin da ya yi ta wasa da kuɗinsa muna amarci, ko cikin kabari aka miƙo masa ɗaya zai gane.

Na fara ba shi haƙuri, ya ce in yi shiru. Kwanakin nan da ya yi bai yi magana ba, wai ba fushi yake ba, kunya ce ta kama shi. Ya san abin da jerin nan yake a wurina, ya san ko shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa ban yarda an sayar da ko ɗaya ba. Ya ce, "Na rantse sai na samu azurfa a ƙunshin banki, na kuwa samu. Ki haɗa mana kaya." Daga nan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, ya ce, "Tsoro nake ji, kada ki bar ni ni kaɗai a wurin."

Ban bar shi ba. A cikin kar ya riƙe gefen zanena tun daga Gaya har Dosso, dattijo da gemunsa, mutane na kallo, ni ko a jikina. Da za a shiga da shi ya yi ta wasiyya, har da wanda zai gaji dutsen niƙa. Aikin kuwa ko tukunyar shinkafa ba ta isa nuna ba aka fito da shi, ido ɗaya a naɗe. Na dama suka yi, na hagu sai sun dawo.

Washegari aka kwance. Ina tsaye a gabansa. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Lokotoro ya ɗaga yatsu yana tambayarsa nawa ne, bai ko kula shi ba, ni yake kallo. Ya daɗe yana kallona, har na tsargu na gyara ɗankwali. Can ya ce, "Yaushe kika yi furfura haka ba ki gaya mini ba?"

Rashida, a gaban lokotoro da dukan masu jinya na fashe da kuka, ni da ko ranar da aka kai ki ɗaki ban yi a gaban mutane ba. Ɗakin ya ɗauki dariya, shi kuma ya kama hannuna yana cewa a bar ta, tawa ce, na gane ta.

Mun dawo gida lafiya. An hana shi sunkuyawa da shiga rana, ni ce 'yar sandan. Ya ce ki turo Maryam da hutu, bai taɓa ganin fuskarta ba sai a hannu, yana so ya ga ko da gaske ta fi ni kyau.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Ikilima