Minti Goma Sai Ya Mutu

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar? Allah ya sa ƙashin yana haɗuwa. Ka gaishe min da Yaya, Allah ya saka mata da jinyar da take yi maka.

Na so in ɓoye maka, amma abin ya fi ƙarfina. Injin ban ruwan lambu ya canza hali tun da ka kwanta. Ja ɗaya yake tashi, ruwa ya cika tiyo kamar abin arziki. Bayan minti goma sai ya fara tari, ya yi sama ya yi ƙasa, ya mutu. In ya huta ya sake tashi, ya sake mutuwa. Na canza fulogi. Maƙwabcinmu mai kabeji ya ce ruwa ne a fetur, na juye tankin kaf na zuba sabo. Ƙaninka ya ce a ja cok, na ja, sai baƙin hayaƙi. Tumatirinka ya fara fure, ga shi duk ya yi yaushi. Da bokiti nake bi, layi uku bayana ya ƙage.

Me kake yi masa da ban sani ba?

Taka har kullum,
Uwar 'ya'yanka.

Maigida,

Ina gaisuwa, ina tambayar jiki. Saƙonka ya iso, na yi yadda ka ce. Na kwance kafireta a kan faranti, na wanke ɗan kwanon ƙasan, na hura ƙaramin ƙarfen nan mai huda har kunnuwana suka toshe. Datti bai kai kan allura ba. Na mayar da komai, ya tashi da murya mai daɗi har na yi guɗa. Minti goma, shiru. Na zauna bakin rijiya na yi kuka, ban san ko don injin ba ne ko don kai. Layuka biyu na gabas sun ƙone.

Taka.

Maigidana,

Gaisuwa da fatan ka kwana lafiya. Injin ya yi aiki awa biyu cur, kuma ba dabarata ba ce. Jiya na zuba mai na tada shi, sai akuyar maƙwabta ta shigo, na bi ta da gudu na manta ban rufe tanki ba. Na dawo yana ta aiki. Na ɗaura marfin, can ya fara tari. Na cire, ya warke. Sau uku ina gwadawa kamar mahaukaciya.

Na kai wa bakaniken bakin hanya marfin. Ya juya shi ya ce, "Tanki ma numfashi yake yi. Wa ya toshe wannan hudar?" Na ce ban sani ba.

Kai zan gaya wa. Ni ce. Ranar da aka ɗauke ka, na ga 'yar huda a marfin, na ce kada datti ya shiga kayanka ba ka nan, na ɗiga mata kyandir.

Yanzu ruwa ya kai ƙarshen lambu. Rabin tumatirin ya rayu. Kada ka yi dariyar da za ta motsa ƙafar, kuma don Allah kada ƙaninka ya ji.

Taka mai laifi,
Uwar 'ya'yanka.